Gaɓar tekun Sukutura: tambayoyi da amsoshi

Ina Sukutura take?

Tsibiri ne na ƙasar Yemen a tekun Indiya, amma ya fi kusa da Afirka. Tsakaninsa da kusurwar Somaliya kimanin kilomita 240 ne, zuwa gaɓar Yemen kuwa sai an yi kusan 380. Hadibu ce babban garinsa. A 2008 UNESCO ta sanya shi cikin wuraren gadon duniya, musamman saboda tsirran da ba a samunsu ko'ina sai can.

Me ya sa bakin tekunsa ke fayau, ba kowa?

Iska ce babban dalili. Daga Yuni zuwa Satumba takan taso daga kudu maso yamma da ƙarfin da masunta dole su ja kwale-kwalensu kan tudu su zauna. A da, tsibirin kan yanke da duniya wata da watanni. Yaƙin Yemen kuma ya ƙara rage baƙi. Wani wurin ma, kamar Shu'ab, sai an hau kwale-kwalen masunta daga Ƙalansiya, a bi ta gindin dogayen duwatsu kafin a tarar da farin yashinsa. A Arher kuwa iska ce ta kwaso yashi ta jingina shi da jikin dutse, ya zama tsauni guda, ga ƙoramar ruwan daɗi tana fitowa daga kogo a ƙarƙashinsa.

Teku ce ta haƙa kogunan da ke cikin duwatsun tsibirin?

Ba duka ba, kuma nan mutane ke yawan kuskure. Na gindin gaɓa, igiyar ruwa ce ta yi ta dukan dutsen farar ƙasa har ta rarake shi. Kogon Hoƙ kuwa yana can sama, ruwan sama ne ya narkar da dutsen ta ciki a hankali. Tsawonsa ya haura kilomita biyu. A 2001 masu binciken koguna daga Beljiyam suka tarar da rubuce-rubuce a bangonsa, mafi yawa na matuƙan jiragen ruwa 'yan Indiya ne, sauran da Girkanci da rubutun Habasha da na kudancin Larabawa. Har wani allon katako aka samu da rubutun Tadmur ta Sham, na shekarar 258. A ganina wannan ya fi duk yashin gaɓar ban sha'awa.

Yaushe ake zuwa?

Daga Oktoba zuwa Afrilu. Ko a lokacin ma sai da lura, domin a Nuwamban 2015 guguwa biyu, Chapala da Megh, suka afka wa tsibirin a jere.