Rikicin shugabanci a jam'iyyun Ostireliya: wa ke tuɓe firaminista, kuma farin jini na cin zaɓe?

Tsakanin watan Yunin 2010 da Agustan 2018, firaministoci huɗu aka sauke daga mulki a Ostireliya ba tare da talaka ya jefa ƙuri'a ko ɗaya ba. Kevin Rudd, Julia Gillard, Tony Abbott da Malcolm Turnbull, kowannensu 'yan jam'iyyarsa ne suka tuɓe masa rawani yana kan kujera. Dalilin da ake bayarwa kusan ɗaya ne kullum: wai shugaban ya yi baƙin jini, ba za a ci zaɓe da shi ba.

Ashe ba jama'a ke zaɓen firaminista ba?

Ba kai tsaye ba. Ostireliya ta gaji tsarin majalisa daga Ingila, irin wanda Najeriya ta yi a jamhuriya ta farko zamanin Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. Mai jefa ƙuri'a yana zaɓen ɗan majalisar mazaɓarsa ne kawai. Majalisar wakilai da ke Kanbera tana da kujeru 150, wa'adinta bai wuce shekara uku ba, kuma jam'iyyar da ta samu rinjaye a cikinta ita ke kafa gwamnati, shugabanta ya zama firaminista. Idan 'yan majalisar jam'iyyar suka sauya shugaba yau da dare, gobe Gwamna Janar, wakilin Sarkin Ingila a ƙasar, zai rantsar da sabon firaminista.

Manyan ɓangarori biyu ne ke karɓa-karɓa: jam'iyyar Leba mai tushe a ƙungiyoyin ƙwadago, da ƙawancen jam'iyyar Libaral, wadda Robert Menzies ya kafa a 1944, da jam'iyyar Nashinal ta manoma da mutanen karkara.

Yaya ake yin tuɓewar a aikace?

Da ƙidayar kawuna. Mai neman kujerar ba ya fitowa sai 'yan kanzaginsa sun bi 'yan majalisa ɗaya bayan ɗaya, ta waya ko a ofis, suna rubuta wanda ke tare da su da wanda ke ƙafa biyu. Kafin nan za ka ga labarai marasa suna sun fara fitowa a jaridu, wai wani babba a jam'iyya ya ce shugaba ya gaza. In lissafi ya cika, sai a kira taron 'yan majalisar jam'iyya, a rufe ƙofa, a ayyana kujerar shugaba babu kowa, a kaɗa ƙuri'ar sirri a takarda. Ba a daɗewa wani jami'in jam'iyya zai fito gaban 'yan jarida ya karanto alƙaluma.

Abin da ya faru a makon ƙarshe na Turnbull, firaministan Libaral, ya nuna yadda lamarin ke tafiya. Ranar Talata 21 ga Agustan 2018 ya ji ƙishin-ƙishin ɗin cewa ministansa na cikin gida, Peter Dutton, yana haɗa mutane. Sai ya riga shi, ya kira ƙuri'a da kansa, ya ci da 48 da 35. Amma mutum 35 daga cikin gidanka sun yi yawa. Ministoci suka fara ajiye aiki. Turnbull ya ce ba zai sake kiran taro ba sai an kawo masa takarda da sa hannun mutum 43, wato rinjayen 'yan majalisar jam'iyyar, kowa ya rubuta sunansa a fili. Kwanakin da aka ɓata ana farautar sa hannun nan su suka ba Scott Morrison damar tara nasa mutanen. Ranar Juma'a 24 ga wata aka yi ƙuri'a, Morrison ya samu 45, Dutton 40. Wanda ya tada rigimar bai samu kujerar ba.

Daga ina wannan ɗabi'a ta samo asali?

Ta daɗe. A 1971 'yan Libaral sun yi kunnen doki, 33 da 33, kan amincewa da firaminista John Gorton, shi kuma ya sauka. A Disambar 1991 Paul Keating ya kayar da Bob Hawke da 56 da 51, alhali Hawke ya ciyo wa Leba zaɓe har sau huɗu. Sai dai a da abu ne na jefi-jefi. John Howard na Libaral ya yi fiye da shekara goma sha ɗaya yana mulki, daga 1996 zuwa 2007, mataimakinsa a jam'iyya Peter Costello yana jiran gado, bai taɓa fitowa ya ƙalubalance shi da ƙuri'a ba.

Ƙofar ta buɗe sosai a 2010. Rudd na Leba ya ci zaɓen 2007 da gagarumin rinjaye, har Howard ya rasa kujerarsa ta Bennelong. Bayan shekara biyu da rabi ya jingine shirinsa na rage hayaƙin masana'antu, ya shiga faɗa da kamfanonin haƙar ma'adinai kan sabon haraji, ministocinsa kuma na ƙorafin ba ya shawara da kowa. A dare ɗaya manyan jam'iyya suka koma bayan mataimakiyarsa Julia Gillard. Da safiyar 24 ga Yuni Rudd ya ga ba shi da mutane, ko takara bai tsaya ba. Gillard ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin.

A ganina kuskuren Leba a lokacin shi ne rashin fitowa su gaya wa jama'a dalilin. Mutane sun kwanta da firaminista ɗaya sun tashi da wata, ba wanda ya yi musu gamsasshen bayani. A zaɓen Agustan 2010 aka tashi 72 da 72, sai da Gillard ta jawo ɗan jam'iyyar Greens guda da 'yan indifenda uku kafin ta kafa gwamnati. Rudd bai haƙura ba. Ya gwada a Fabrairun 2012 ya sha kaye 71 da 31, ya dawo a Yunin 2013 ya ci 57 da 45. Wata uku bai cika ba aka yi babban zaɓe, ƙawancen da Tony Abbott na Libaral ke jagoranta ya kwashe kujeru 90, Leba ta tsira da 55.

Mene ne rawar ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a a duk wannan?

Ita ce bulalar. Mafi tasiri ita ce Newspoll da jaridar The Australian ke bugawa, kuma a wancan zamani kusan duk mako biyu take fitowa. Ɗan majalisar da ya ci mazaɓarsa da ƙyar yana duba alƙaluman ne yana lissafin ko zai dawo Kanbera. Wa'adin shekara uku gajere ne, kullum zaɓe yana bakin ƙofa. In alƙaluma suka yi ta sauka wata bayan wata, tsoro ke shiga, tsoro kuma shi ke kai mutum sa hannu a takardar tawaye.

Turnbull da kansa ya ɗaure kansa da wannan igiya. Ranar 14 ga Satumbar 2015, da zai ƙalubalanci Abbott, ya kafa hujja da cewa ƙawancensu ya faɗi a Newspoll sau 30 a jere. Ya ci 54 da 44. A Afrilun 2018 shi ma ya cika sau 30 ɗin, 'yan adawarsa na cikin gida kuwa ba su manta ba. Wata huɗu bayan haka aka sauke shi.

To, wanda ya fi farin jini shi ke samun shugabancin?

Sau da yawa a'a. A takarar Agustan 2018 mutum uku ne suka tsaya, kuma ministar harkokin waje Julie Bishop ita ce jama'a suka fi so a cikinsu. Ƙuri'a 11 ta samu, aka cire ta tun zagayen farko. A cikin ɗakin taro, ɓangaranci ke magana: masu ra'ayin riƙau da masu sassaucin ra'ayi a Libaral, ɓangaren dama da na hagu a Leba, da wa ya yi wa wa alkawarin minista. A 2013 Anthony Albanese ya samu kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙuri'un talakawan jam'iyyar Leba, amma Bill Shorten ya rinjaye shi a wajen 'yan majalisa, shi ya zama shugaba.

A babban zaɓe fa?

Nan ma farin jinin mutum ɗaya ba ya wadatarwa. Abbott bai taɓa zama abin ƙaunar jama'a ba, amma ya ci 2013 saboda mutane sun gaji da rigimar Leba. A tambayar "wa ka fi so ya zama firaminista", mai riƙe da kujera ne yawanci ke gaba, don shi aka fi sani. Morrison ya daɗe yana gaban Albanese a wannan ma'auni, ya kuma faɗi a Mayun 2022.

Dalilin yana cikin yadda ake zaɓen. Jefa ƙuri'a dole ne tun 1924, wanda ya ƙi ba tare da uzuri ba ana cinsa tarar dalar ƙasar 20, shi ya sa kusan kashi 90 cikin ɗari ke fitowa. Jam'iyya ba ta buƙatar zuga 'yan gani-kashe-ninta su fito, za su fito ko suna so ko ba sa so. Aikinta shi ne shawo kan mutumin da siyasa ba ta dame shi ba, wanda kuɗin haya da bashin gida da kuɗin asibiti ke gabansa.

Sannan ga takardar ƙuri'ar. Ranar Asabar ake zaɓe, galibi a makarantu da ɗakunan taro. A bakin ƙofa 'yan sa-kai na kowace jam'iyya suna miƙo maka 'yar takarda mai nuna yadda suke so ka jera 'yan takara. Ka shiga, a ba ka koriyar takarda ta majalisar wakilai, ka sa lamba 1 ga wanda ka fi so, 2 ga mai bi masa, haka har ka cike kowane akwati. In babu wanda ya haura rabi, sai a cire na ƙarshe a raba ƙuri'unsa ga waɗanda masu zaɓensa suka sa a gaba, a yi ta yi har wani ya haura. Saboda haka ɗan takarar da mutane da yawa ba sa ƙi ya fi wanda wasu ke mutuwar so wasu ke tsana. A 2022 Leba ta kafa gwamnati da kujeru 77 cikin 151 alhali ƙasa da kashi 33 cikin ɗari ne suka sa ta a lamba 1.

Kuma kujeru ake ƙirgawa, ba jimillar ƙuri'un ƙasa ba. A 1998 Leba ƙarƙashin Kim Beazley ta fi Howard ƙuri'u bayan an gama rabon, amma Howard ya fi ta kujeru, ya ci gaba da mulki.

Shin sauya shugaba ya taɓa yin amfani?

Ya taɓa, dole a faɗi gaskiya. A Fabrairun 1983 Leba ta maye gurbin Bill Hayden da Bob Hawke a ranar da firaminista Malcolm Fraser ya kira zaɓe, Hawke kuma ya ci. Keating ya ci zaɓen 1993 da kowa ya ɗauka ya kuɓuce. Morrison ya ci na 18 ga Mayun 2019 bayan duk manyan masu auna ra'ayi sun ce Shorten ne zai yi nasara. Wannan zaɓen ya kamata ya zama darasi, domin alƙaluman da aka yi ta sare shugabanni da su, su ne suka yi kuskure a ranar da aka fi buƙatarsu.

Amma a duba abin da aka biya. Turnbull, wanda aka kawo don ceto jam'iyya, da kujeru 76 cikin 150 ya tsira a 2016. Da aka sauke shi ya bar majalisa, mazaɓarsa ta Wentworth da ke Sidni ta koma hannun 'yar indifenda Kerryn Phelps. Abin da ya fi damuna shi ne manufofin da suka mutu a hanya. Rigimar makamashi da sauyin yanayi tana da hannu a faɗuwar Rudd, ta addabi Gillard, ita ce kuma ta kunna wutar da ta cinye Turnbull. Ƙasar ta yi fiye da shekara goma ba ta da tsayayyar manufa a kan abin da ya shafi kuɗin wutar kowane gida.

An ɗauki wani mataki?

Jam'iyyun biyu sun gyara dokokinsu. A 2013 Leba ta raba zaɓen shugaba gida biyu, rabi ga 'yan majalisa rabi ga mambobi, ta kuma ce sai kashi 75 cikin ɗari na 'yan majalisarta sun yarda kafin a taɓa firaminista, kashi 60 in ana adawa. A Disambar 2018 Libaral ta ce firaministan da ya ciyo zaɓe ba a sauke shi sai da kashi biyu cikin uku. Tun daga nan ba a sake tuɓe firaminista mai ci ba. Dokar Libaral ba ta kare madugun adawa ba, shi rinjaye kawai ya isa a kawar da shi.

Me zaɓen 2025 ya nuna?

Ya nuna hikimar haƙuri da shugaba. Bayan faɗuwar ƙuri'ar raba gardama ta Oktoban 2023 kan kafa wa 'yan asalin ƙasar hukumar da za ta riƙa ba majalisa shawara, wadda kusan kashi 60 cikin ɗari suka ƙi, ga tsadar rayuwa, tauraron Albanese ya dushe. A farkon 2025 alƙaluma na nuna Dutton, shugaban Libaral a lokacin, na iya yin nasara. A tsohon zamani da tuni an fara ƙirga kawuna a Leba. Ba a yi ba. Da kamfe ya kankama, shirin Dutton na gina tashoshin nukiliya bakwai bai karɓu ba, ya janye alkawarin hana ma'aikatan gwamnati aiki daga gida ana tsakiyar kamfe, ga kuma mutanen da ke ganin kamanninsa da siyasar Donald Trump. Ranar 3 ga Mayu Leba ta samu kujeru 94, ƙawancen ya tashi da 43, Dutton ya rasa mazaɓarsa ta Dickson a hannun Ali France. Albanese ya zama firaminista na farko tun Howard a 2004 da ya ci zaɓe biyu a jere. Kwana goma bayan haka Libaral ta zaɓi Sussan Ley da 29 da 25 a kan Angus Taylor, mace ta farko da ta shugabanci jam'iyyar.

Mai son hasashen zaɓe na gaba, me zai duba?

Ya fara duba inda ƙuri'un ƙananan jam'iyyu ke gangarawa, domin kusan mutum ɗaya cikin uku yanzu ba ya ba manyan ɓangarorin biyu lamba 1. Ƙuri'un Greens mafi yawansu Leba suke komawa. Libaral kuwa an sa ta a tsakiya: a unguwannin masu hali na Sidni da Malbon 'yan indifenda, galibinsu mata masu rajin kare muhalli, sun ƙwace mata kujeru, har ministan kuɗi Josh Frydenberg, wanda ake wa kallon magajin Morrison, ya faɗi a Kooyong a 2022. A ɗaya gefen jam'iyyar One Nation ta Pauline Hanson tana janye mata masu ra'ayin riƙau. Duk wanda ya hau kujerar shugabancin Libaral, in ya karkata don dawo da birane ya ɓata wa karkara da abokan ƙawancensa na Nashinal, in ya bi karkara birane su ƙara nisa. Kuma daga kujeru 43 da ƙawancen ya samu a 2025 sai ya ƙaro 33 kafin ya kai 76 ɗin da ake kafa gwamnati da su.