Azumin Kwana 40 da Jama'ar Alkawari: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya haɗa lokacin Azumi da maganar alkawari?

Tun ƙarnonin farko na ikilisiya, makonnin da ke gaban Ista, wato idin tashin Yesu Almasihu daga matattu, lokaci ne na shirya sababbin masu bi domin baftisma. Ana koya musu bangaskiya, suna azumi, sauran jama'a na tayasu, har daren Ista a yi musu baftisma. Wato tun asali, wannan lokaci na tambayar "kai na wane ne?" Shi ya sa a ikilisiyoyi da yawa, sau ɗaya a shekara 3, karatun Lahadin Azumi ke bin sawun alkawuran Allah: Nuhu da bakan gizo, Ibrahim, Dokoki 10 a Dutsen Sina'i, har zuwa sabon alkawarin da Irmiya ya yi shelarsa, wanda za a rubuta a zuciya.

Don me kwana 40?

Musa ya yi kwana 40 a kan dutse, Iliya ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Horeb, Yesu kuma ya yi azumin kwana 40 a jeji. Daga Larabar Toka, ranar fara Azumi da ake shafa wa masu bi toka a goshi, zuwa jajiberin Ista kwana 46 ne. Idan aka cire Lahadi 6, domin Lahadi ranar murnar tashin Almasihu ce, saura 40.

Shin azumin ne ke sa mutum ya zama na Allah?

A'a, kuma nan ne mutane da yawa ke sa keke gaban doki. Duba Fitowa sura 19. Kafin Allah ya ba Isra'ila Dokoki 10 a Dutsen Sina'i, sai da ya tuna musu yadda ya ɗauko su daga Masar kamar a kan fikafikan gaggafa. Ceto ya riga, biyayya ta biyo baya. Haka ma Yesu: a bakin Kogin Urdun aka ce da shi Ɗa ƙaunatacce, sannan Ruhu ya kai shi jeji. Kuma Shaiɗan bai tsaya wata-wata ba, wurin nan ya fara kai hari: "In kai Ɗan Allah ne..." Yesu ya amsa sau 3 daga Maimaitawar Shari'a, littafin da ke tuna wa Isra'ila shekarunsu 40 na jeji, inda suka yi ta gunaguni. Abin da suka kasa, shi ya cika.

Don haka mai azumi ba ciniki yake yi da Allah ba. A daren da aka ba da Yesu, ya ɗauki ƙoƙo ya ce sabon alkawari ne a cikin jininsa. An riga an biya. Azumi yana fallasa abin da zuciya ta jingina a kai ne, ko ciki, ko kuɗi, ko yabon mutane, domin a komo ga Mai alkawarin.

To, idan an zaɓe mu, an zaɓe mu ne don me?

Wannan ita ce tambayar da na fi so masu bi su zauna da ita. Allah ya gaya wa Ibrahim cewa ta wurinsa dukan kabilan duniya za su sami albarka. Ya kira Isra'ila mulkin firistoci. Manzo Bitrus, a wasiƙarsa ta fari sura 2, ya ɗauki wannan suna ya ɗora wa masu bi da ke warwatse a Asiya Ƙarama, ya ce dā su ba jama'a ba ne, yanzu kuwa jama'ar Allah ne. Firist kuwa ba don kansa yake tsayawa ba, don wasu ne. Wanda zaɓen Allah ya sa shi ɗaga hanci bai fahimci zaɓen ba.

Yaya wannan kira yake bayyana a aikace?

Ishaya sura 58 bai ɓoye komai ba. Mutane suna azumi, amma a ranar ce suke matsa wa ma'aikatansu, suna faɗa da juna. Allah ya ce azumin da ya zaɓa shi ne a kwance sarƙar zalunci, a raba abinci da mayunwaci, a shigo da marar gida, a suturta mai tsiraici. Mai azumin da ya riƙe hakkin ɗan aikinsa har dare ya yi, yunwa kawai ya sha. Yesu ya ƙara da cewa sadaka da addu'a da azumi a yi su a ɓoye: ka wanke fuska, ka shafa mai, kada kowa ya gane.

Amma tokar da ake shafawa a goshi ba nuna kai ba ce?

Tana iya zama haka idan zuciya ta karkace. Sai dai abin da tokar ke faɗi ba yabo ba ne. Ana samunta daga ƙona ganyen dabinon Lahadin Dabino na bara, wato Lahadin da ke gaban Ista, mai shafawa kuma yana tuna wa kowa, babba da yaro, cewa shi turɓaya ne, ga turɓaya zai koma.

Wanda ikilisiyarsa ba ta kiyaye wannan lokaci fa?

Littafi Mai Tsarki bai umarci wannan azumi da sunansa ba. Al'ada ce ta ikilisiya, kuma ko masu yinsa sun bambanta, domin ikilisiyoyin Gabas ranar Litinin suke farawa, ba Laraba ba. Bulus ya yanke irin wannan gardama a Romawa sura 14: mai ci kada ya rena marar ci, marar ci kuma kada ya hukunta mai ci, gama Allah ya karɓi dukansu.