Likitancin taɓin hankali a Gana

Likitancin taɓin hankali fanni ne da ke duba cututtukan tunani da ɗabi'a, irin su ciwon damuwa, da fargaba, da jarabar shan ƙwaya, da abin da jama'a ke kira hauka. A Gana an faro shi ne da tsarewa: dokar Turawan mulkin mallaka ta 1888 ta ba da izinin kulle masu taɓin hankali, sannan a 1906 aka buɗe gidan da ya zama Asibitin Masu Taɓin Hankali na Accra. Sai a 1951 aka samu ƙwararren likita ɗan Afirka, E.F.B. Forster, mutumin Gambiya. Asibitin Ankaful ya biyo baya a 1965, na Pantang a 1975. Duka ukun a kudu suke, don haka a da mutumin Tamale ko Wa a arewa sai ya sha doguwar tafiya.

Babbar wahalar likita ita ce gane abin da mara lafiya yake nufi. Matar da ta fito daga unguwar Nima ta Accra ko Aboabo ta Kumasi da wuya ta ce tana da ciwon damuwa. Cewa za ta yi kanta na zafi, barci ya ƙaurace mata, wani abu na yawo a jikinta. Likitan da layi ya cika masa ƙofa sai ya tura ta gwajin zazzaɓin cizon sauro ko taifot, ya rubuta maganin ciwon jiki, ta tafi, bayan mako biyu ta dawo da kukanta. In ba ya jin Hausa, ɗanta ne zai yi tafinta, kuma akwai maganar da uwa ba ta faɗa a gaban ɗanta. A nan ake asarar mutane da yawa, alhali ciwon yana jin magani.

Kafin asibiti, galibi an riga an je wurin malam don ruƙiyya da rubutun sha, ko wurin boka, ko sansanin addu'a na coci, domin ana danganta ciwon da iskoki ko sammu. Likitoci sun daɗe suna yi wa wannan kallon jahilci. Amma wani bincike da aka yi a Kumasi da Ibadan, aka wallafa a mujallar likitanci ta Lancet a 2020, ya nuna cewa idan ma'aikatan lafiya suka yi aiki tare da masu maganin gargajiya da na addini, marasa lafiya sun fi samun sauƙi. Abin da ba shi da uzuri shi ne ɗaure mutum da mari a sansanonin addu'a, wanda ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta tona a rahotonta na 2012.

A shekarar ce majalisa ta zartar da Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa mai lamba 846, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma karkata aikin zuwa asibitocin unguwa. A Kumasi, Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye yana da sashen wannan fanni. A 2023 kuma aka cire yunƙurin kashe kai daga jerin laifuffuka.