An haife shi a Kano, amma ɗan Najeriya ne?

A ce wani mutumin Maraɗi yana sayar da shayi a Fagge, matarsa ma 'yar Nijar ce. Ta haihu a asibitin Murtala, aka yanka rago, aka raɗa suna. Yaro ya tashi bakinsa ba ya furta komai sai Kananci. Ɗan Najeriya ne? A wurin maƙwabta, ƙwarai kuwa. A wurin doka, a'a.

Sashe na 25 na kundin tsarin mulkin 1999 bai damu da inda aka binne cibiya ba, jini yake bi. Wanda aka haifa a Najeriya bayan 1 ga Oktoba 1960 ɗan ƙasa ne idan uwa, ko uba, ko ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan ƙasa ne. Mutum ɗaya ya wadatar. Da kakar yaron nan Bakatsiniya ce, da magana ta ƙare, kuma auratayya tsakanin Jibiya da Maraɗi ai ba ta ƙirguwa. Haka idan Bakanuwa ta haihu a Jidda, ko da mijinta Basudane ne, ɗanta ɗan Najeriya ne ta wajen uwa, duk da masu cewa ɗa na uba ne.

Ruɗanin daga Amurka yake zuwa, inda gyara na 14 da aka yi wa kundin tsarin mulkinsu a 1868 ya ba kusan duk wanda aka haifa a can zama ɗan ƙasa, abin da Trump ya sa hannu don taƙaitawa a Janairun 2025 har aka shiga kotu. Ingila ta bar wannan tsari tun 1983. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya kuwa shaida ce kawai cewa an haife ka a nan.

To ɗan mai shayi fa? Sai ya girma ya nema ta sashe na 27: zaman shekara 15, halin kirki, gwamna ya ce jama'ar wurin sun karɓe shi, shugaban ƙasa ya amince, ya yi rantsuwar biyayya. Ko ya samu, ba shi ba takarar gwamna ko shugaban ƙasa.

Inda nake ganin an yi son kai shi ne sashe na 26. Baƙuwar da ta auri ɗan Najeriya za ta iya yin rajista ta zama 'yar ƙasa, amma baƙon da ya auri Bakanuwa sai ya jira shekara 15 ɗin nan, alhali 'ya'yan da ya haifa da ita 'yan ƙasa ne tun ranar da suka faɗo.