Rage Filafilin Jirgin Ruwa

Rage filafili shi ne taƙaita faɗin yadin da iska ke turawa a jirgin ruwa, ta hanyar naɗe wani sashe nasa a ɗaure idan iska ta fara ƙarfi. Ba sauke yadin ake yi gaba ɗaya ba, ana barin abin da zai ci gaba da jan jirgin, domin jirgin da ya daina tafiya ba ya jin matuƙi, sai igiyar ruwa ta juya shi yadda ta ga dama.

Kano ba ta da teku, amma duk wanda ya taɓa ganin rumfar biki a farkon damina ya san abin da ake magana. Hadari na haɗowa daga gabas, tampol ya kumbura, ƙafafun rumfa su ɗaga, samari su ruga suna kwance igiya kafin ta tashi da kujeru. Abin da ke faruwa a jirgi ke nan, sai dai can babu inda za a gudu.

Dalilin ragewa

Matsin iska a kan yadi ba ya ƙaruwa daidai da gudunta. Idan gudun ya ninka biyu, matsin ninka huɗu yake yi. Jirgin da ya ɗauki yadi fiye da kima yakan kishingiɗa gefe guda, ruwa ya hau doronsa, jigon da ke ɗauke da yadin ya karye ko yadin ya kece.

Tarihi

Ana danganta kalmar da Turawan Ingila ke amfani da ita wajen wannan aiki da harshen tsofaffin mutanen arewacin Turai. Hatiman wasu biranen bakin teku na ƙarni na 13, ciki har da na Dublin, suna nuna filafili mai jerin gajerun igiyoyi da aka ɗinka a jikinsa domin ɗaure abin da aka naɗe. Daga baya wata dabara ta yi tashe: a liƙa ƙarin ƙyalle a ƙasan yadin idan iska ta lafa, a cire shi idan ta tsananta. Wajen tsakiyar ƙarni na 17 igiyoyin ɗauri suka dawo, musamman a filafilan sama na manyan jirage.

A waɗannan jirage aikin yana cikin mafiya haɗarin ayyukan matuƙa. Mutane sukan hau jigo, su jeru a kan igiya guda da ke reto ƙarƙashin gungumen da aka gitta, su kifa ciki a kansa, su jawo yadi mai nauyi, jiƙaƙƙe, wani lokaci daskararre da ƙanƙara, cikin dare, ƙafa da yawa sama da ruwa. Farce kan ɓamɓare, tafin hannu ya tsage. Wanda ya fi ƙwarewa shi ake turawa can ƙarshen gungumen. Da yawa sun faɗo ba a sake ganinsu ba, kuma tarihi bai riƙe sunayen akasarinsu ba.

A 1805 Francis Beaufort, hafsan sojan ruwan Birtaniya, ya tsara ma'aunin ƙarfin iska, rundunar ta karɓe shi a hukumance a 1838. Abin lura shi ne da farko ba da gudun iska aka auna matakan ba, da yawan yadin da jirgin yaƙi zai iya ɗauka aka auna su, har zuwa mataki na 12, inda babu yadin da zai jure. A lissafin yau mataki na 6 yana tsakanin kilomita 39 zuwa 49 a awa, na 8 kuma 62 zuwa 74.

A tsakiyar ƙarni na 19 wasu kyaftin-kyaftin na Amurka, Robert Forbes da Frederic Howes, suka raba babban filafilin sama gida biyu. Da haka ana iya sauke rabin sama ba tare da tura mutane da yawa kan jigo ba. Masu jirage sun rungumi dabarar har da dalilin rage kuɗin ma'aikata.

Sin da Bahar Maliya

Jiragen Sin sun daɗe da warware matsalar. Yadinsu yana da sandunan gora a gicce, ana sassauta igiya sai ya nannaɗe kansa kamar tabarma, mutum na tsaye a doron jirgi.

Jiragen katako na Larabawa kuwa, irin waɗanda alhazan ƙasar Hausa masu bin hanyar Sudan suka riƙa shiga daga Sawakin zuwa Jidda, yadinsu mai kusurwa uku ne a rataye a doguwar sanda. Rage shi yana da wuya, don haka akan sauke shi a ɗaura ƙarami. Masana ba su daidaita a kan inda wannan yadi ya samo asali ba.

Yadda ake yi a yau

A ƙananan jirage ana karkata kan jirgin wajen iska, a sassauta yadin, a sauke shi zuwa jerin farko na ƙawanyar da aka ɗinka a jikinsa domin ɗauri, a maƙale kusurwar gaba, a ja ta baya, sannan a sake ɗame shi. Yawancinsu suna da matakin ragewa biyu ko uku. Filafilin gaba kuma naɗe shi ake yi a jikin wayar da ke riƙe jigo.

Tsaro a doron jirgi

Ana ragewa tun iska ba ta kai ga tsananta ba, kuma kafin duhu. Mai aiki yakan sa rigar ceto da ɗamara mai igiya, ya maƙala ta a wata igiyar da aka shimfiɗa daga gaban jirgi zuwa bayansa, ya yi tafiya a durƙushe ta gefen da iska ke fitowa. Sandar ƙasan yadi tana iya wulgawa ta bugi kai, shi ya sa ba a tsayawa a hanyarta.

A watan Agustan 1979 guguwa ta afka wa jirage 303 da suka shiga tseren Fastnet tsakanin Ingila da Ayalan, 'yan tsere 15 suka rasu. Bayan wannan aka tsaurara dokokin ɗamara da na ɗaukar ƙaramin yadin guguwa. Igiyar ɗamara ba ta wuce mita 2, kuma da yawa sun fi son gajera, saboda doguwa tana iya barin mutum ya faɗa ruwa jirgi na jan sa.