Haddin barasa a jinin direbobi a Amurka

A Amurka, yawan barasar da doka ta yarda a samu a jinin direba ya danganta ne da irin lasisin da yake riƙe da shi da kuma shekarunsa. Ana auna ta da gram a cikin kowace mililita 100 ta jini, galibi ta hanyar na'urar da direba ke hura wa numfashi.

Ga mai lasisin ƙaramar mota wanda ya kai shekara 21, haddin shi ne 0.08. A shekarar 2000 ne gwamnatin tarayya ta kafa dokar rage kuɗin gina hanyoyi ga duk jihar da ta ƙi bin wannan adadi, kuma zuwa 2004 dukkan jihohi sun bi. Jihar Utah ce kaɗai ta sauko zuwa 0.05, tun daga ƙarshen Disambar 2018.

Doka ta fi tsanani a kan masu lasisin tuƙin kasuwanci, wato CDL, wanda ake buƙata domin tuƙa tirela, ko bas mai ɗaukar mutum 16 zuwa sama har da direba, ko motar dakon kaya masu haɗari. Haddinsu 0.04 ne, kuma an hana su shan barasa cikin sa'o'i huɗu kafin su kama aiki. Ko da abin da aka samu bai wuce tsakanin 0.02 da 0.039 ba, ana sauke direba daga aiki na tsawon sa'o'i 24. Laifin farko na tuƙi da 0.04 ko fiye yana jawo dakatar da lasisin na shekara ɗaya, ko shekara uku idan yana ɗauke da kaya masu haɗari, na biyu kuwa yana iya raba shi da lasisin har abada. Dalilin wannan tsanani a fili yake, domin babbar mota ba ta tsayawa da wuri, kuma idan ta ƙwace ɓarnarta ba ƙarama ba ce. Idan irin wannan direba yana tuƙa motarsa ta gida, haddin sauran jama'a ne ke aiki a kansa, amma in kotu ta same shi da laifi, lasisin aikinsa ma yana shiga cikin hukuncin.

Matasan da ba su kai shekara 21 ba, waɗanda dama doka ta hana su sayen barasa, haddinsu bai wuce 0.02 a kowace jiha ba, wasu jihohin ma sifili suka sa.