Wai fatake ba ruwansu da mulki?

An daɗe ana cewa falke a zamanin da ba ruwansa da sha'anin mulki, shi dai ya saro goro ya sayar. Ba laifin masu faɗa ba ne, labarin jakuna da kaya muka fi ji.

Amma a wancan zamani, ayarin da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja (a ƙasar Ghana ta yau) tamkar hukuma ce mai tafiya. Madugu ke raba gardama a hanya, shi ke zama da sarakuna a daidaita kuɗin wucewa, shi ke ciniki da masu fito a bakin Kwara. Wannan ai siyasa ce tsantsa. Da yaƙi ya tarwatsa Salaga, babbar kasuwar goro ta Gwanja, a 1892, 'yan kasuwa suka watsu zuwa Kumasi, Kete Krachi da wasu garuruwa. Daga cikin manyan fatake da masu masauki aka riƙa samun sarakunan zango, masu sasanta baƙi da shiga tsakaninsu da masu ƙasa.

Mai son tabbatarwa ya tambayi dattawan zango asalin sarautarsu, sannan ya gwada da littattafan tarihi. Don Allah a tura wa 'yan'uwa su ma su karanta.